Yaushe ne sabon mahayi ya isa shiga gasar diresaj ta farko?

Wata Asabar da safe na zauna a gaban mota kusa da wata dattijuwar baturiya, an faka motar ne a bakin wani fili mai yashi daidai inda aka kafa harafin C, ɗaya daga cikin haruffan da ake jerawa a gefen filin diresaj. Ita ce alƙaliyar gasar, ni kuma aikina in riƙa rubuta maki da duk abun da ta faɗa a takarda, saboda alƙali baya ɗauke ido daga kan doki ko na ɗaƙiƙa ɗaya. A ƙananan gasanni a nan Ingila sau da yawa haka ake yi, babu rumfa, mota ce ofishin alƙali, hon ɗin motar kuma shine ƙararrawa. Daga hantsi zuwa azahar sabbin mahaya suka dinga wucewa ta gabanmu ɗaya bayan ɗaya, yara da manya, kuma wallahi tun kafin mutum ya kai tsakiyar fili zaka gane wanda ya shirya da wanda aka turo shi da wuri.

Akwai wata yarinya da ta shigo kan wani dogon doki mai sheƙi, an yi masa kitso a geza, kayanta sababbi fil, kowa na kallonta. Amma da dokin ya fara sassarfa sai naga hannuwanta suna tashi suna sauka tare da jikinta, duk tashin da zata yi sai ta fizgi bakinsa, shi kuma yana wage baki yana jefa kai sama yana kaɗa jela. Bayanta wata mata ta shigo wadda zata yi shekara hamsin, kan wani gajeren doki mai kauri da gashi har kofato, irin wanda a da ake ɗaura wa keke. Ba wani abun burgewa ta yi ba, amma hannunta na waje ɗaya, dokin kunnuwansa a sake, ya tafi inda ta nufa, ya tsaya inda ta ce. Ta wuce yarinyar a maki da nisa. Tun ranar nake juya wannan maganar a raina, musamman da yake ɗiyata ma tana koyon hawa a wata barga kusa da mu kuma kusan kullum sai ta ce "Abba ni yaushe zan shiga?"

Ga wanda bai sani ba, diresaj kalma ce ta Faransanci, ma'anarta horarwa. Babu tsere a ciki, babu tsallake shinge. Mahayi ɗaya ne da doki ɗaya a cikin fili mai kusurwa huɗu, faɗinsa mita 20, tsawonsa mita 40 idan ƙarami ne ko mita 60 idan babba ne, an jera haruffa a gefe, A, K, E, H, C, M, B, F, tsakiyar filin kuma ana kiranta X duk da ba a rubuta ta a ƙasa. Ana ba ka takarda tun kafin ranar, an rubuta daga wannan harafi zuwa wancan ka yi kaza, a nan ka zagaya, a can ka tsaya, alƙali yana ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Asalin abun horon dawakin yaƙi ne na sojojin Turai, shi yasa da aka saka shi a Olamfik a 1912 a Stockholm hafsoshin soja ne kaɗai ke shiga, sai a 1952 aka buɗe wa farar hula da mata. Hukumar duniya da ke kula da shi ita ce FEI mai hedikwata a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, amma gasar sabbin shiga hukumomin ƙasa ne ke tsara ta, a Ingila British Dressage, a Amurka USDF da USEF.

Matakin ƙasa suna kiransa Intro. A Ingila tafiya ce da sassarfa kawai babu sukuwa ko kaɗan, a Amurka takardu uku ne, A da B tafiya da sassarfa, ta ukun C ita ce ake saka ƴar ƙaramar sukuwa. Duka abun minti huɗu ne zuwa biyar. Ka shigo ta A, ka miƙe layin tsakiya, ka yi da'ira mai faɗin mita 20 ta hagu ka yi ta dama, ka ratsa fili a karkace, ka sauko daga sassarfa zuwa tafiya, ka sake masa linzami ya miƙe wuya, ka dawo ka tsaya ka gaida alƙali. Shikenan. Wanda ya karanta takardar zai ce ai wannan ko ɗan sati uku da fara hawa zai yi, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, don sauƙin takardar shi ke tona asiri, babu wani motsi mai ɗaukar ido da zai rufe maka aibi, komai a fili yake.

Ni a nawa ganin, in za a tambaye ni abu ɗaya tak da za a duba, toh hannu ne. Ba ƙarfin hannu nake nufi ba, ina nufin shin hannun mahayin ya rabu da jikinsa ko kuwa har yanzu da linzami yake riƙe kansa kar ya faɗi. Kowane sabon mahayi da haka yake farawa, in doki ya motsa jiki ya yi baya sai hannu ya damƙe igiya, abu ne na ɗabi'a, kamar yadda zaka kama ƙarfe in mota ta yi birki. Matsalar ita ce ƙarshen igiyar nan ƙarfe ne a cikin bakin dabba mai rai, yana zaune kan dasashi a wajen da babu haƙori, fata ce siririya a kan ƙashi. Duk lokacin da ka nemi daidaituwarka da igiyar, bakinsa ne ke biya. A sassarfa abun ya fi fitowa, saboda a wannan matakin tashi ake ana zama daidai da bugun ƙafar doki, jiki na hawa yana sauka amma ana so hannu ya tsaya cak a gaban sirdi, wato dole gwiwar hannu ta riƙa buɗewa tana rufewa da kanta. Wannan ba a koyonsa da baki, sai an yi ta yi har jiki ya haddace.

Masu koyarwa na ƙwarai suna da hanyar gwadawa mai sauƙi. Zasu ɗaura wa dokin doguwar igiya su tsaya a tsakiya yana zagaye su, su karɓe linzamin daga hannunka gaba ɗaya, su ce ɗora hannu a ƙugu, ko ka buɗe su kamar fukafuki, ka yi sassarfa kana tashi kana zama. In kana iya yin zagaye da yawa haka ta hagu da ta dama ba ka kama geza ba, ba ka faɗa gaba ba, duga-duganka basu tashi ba, in doki ya sauko tafiya baka kife kan wuyansa ba, toh zamanka ya fara zama naka. Gwaji na biyu shine kana cikin da'ira ka tura hannu gaba igiya ta yi sako-sako na taku uku ko huɗu sannan ka maido, in komai bai canza ba, gudu bai ƙaru ba, kai baka girgiza ba, alhamdulillahi. In kuwa da ka saki sai komai ya watse, toh ashe da ma ja-in-ja kuke yi kai da shi, kuma alƙali zai ga wannan daga nesa.

Jamusawa sun daɗe da tsara abun a matakai shida wanda yanzu kusan duk duniya da shi ake koyarwa da alƙalanci, kuma tushensa littafin horon sojan dokinsu ne. Na farko daidaiton taku, tafiya bugu huɗu, sassarfa bugu biyu, ƙaramar sukuwa bugu uku, kuma kar ya riƙa sauri yana lafawa. Na biyu sakin jiki, doki ya saki bayansa da wuyansa babu ɗari-ɗari. Na uku haɗuwar hannu da baki, ka ji shi a hannunka a hankali kuma ba yankewa, kamar kana riƙe da hannun ƙaramin yaro kuna tsallaka titi. Sauran ukun, ƙarfin turowa daga ƙafafun baya da miƙewa da tattara jiki, na gaba ne, shekaru ake yi ana gina su. Sabon shiga ukun farko kawai ake nema a wajensa, kuma ko su ba a ce sai sun cika ba, a dai ga alamar an ɗauko hanya. Abun da nake so a lura shine ba a ce ko'ina wuyan doki sai ya lanƙwashe kamar na hoto ba. Da yawa sabbin mahaya sun ga hotunan manyan dawaki wuya a tanƙware sai su dinga ja da hannu, wasu har suna zarto da ƙarfen hagu da dama don kan ya sauko. Kan zai sauko ɗin, amma hancin ya koma ƙirji, baya ya sandare, taku ya gajarce, an samu siffa an rasa abun da ke haifar da siffar. A Intro dokin da hancinsa ke ɗan gaba yana tafiya da daɗin rai yafi wannan maki.

A nan ne nake tuna gida. Mu da muka taso muna ganin hawan sallah da kilisa da yamma, mun san yaran da tun suna shekara bakwai suke kan doki, wasu ko sirdi babu, zamansu ba wanda zai raina, doki ya yi tutsu ya yi duk abun da zai yi suna nan daram. Ta wannan fannin sun fi da yawa daga cikin yaran da nake gani a nan. Amma linzaminmu na gargajiya mai kaifi ne, shi yasa ake riƙe shi da hannu ɗaya a sake, sai lokacin tsayawa ko zamiya a ɗaga hannu doki ya zauna kan ƙafafun baya nan take. Diresaj akasin haka ne, ƙarfen mai laushi ne mai gaɓa a tsakiya, hannu biyu ake riƙewa, kuma ana so a riƙa jin juna koyaushe. Wanda ya iso daga hawan gida, ko daga folo irin na Kaduna da Katsina inda shima hannu ɗaya ne ke riƙe linzami ɗayan na riƙe sanda, ba hawa zai koya ba, hannu zai sake koya, kuma nasan wannan yana da nauyi ga mutumin da ya shekara ashirin yana hawa a ce masa ya dawo ya zagaya a doguwar igiya. Ni ma sai da na yi, kuma ya amfane ni.

Sai maganar da'ira, wadda ita ce ke cinye makin sabbin shiga a banza. Da'irar mita 20 tana da wurare huɗu da dole ka taɓa. In daga A ka fara a ƙaramin fili, zaka taɓa A, ka taɓa gefen fili a mita 10 daga ƙarshe, ka ratsa ta X, ka taɓa ɗaya gefen a mita 10, ka dawo A. Toh harafin K da F suna mita 6 ne daga kusurwa, kaga kenan inda zaka taɓa yana mita 4 gaba da harafin, babu wata alama a wajen, sai dai idonka. Abun da yawanci ke faruwa shine mutum ya nufi harafin kai tsaye, ko ya shiga kusurwa kamar yana bin gefe, sai da'irar ta fito kamar ƙwai ko kamar akwati. Wannan ba ruwansa da tsadar doki, lissafi ne, kuma ana iya koyonsa a ƙasa da ƙafa, ka jera robobi ko bokitai ka auna da tef ka taka da kanka. Haka layin tsakiya, alƙali na zaune a C kana tunkarar shi fuska da fuska, duk wata karkacewa yana ganinta, kuma maganin shine ka kalli gaba ka tura dokin da ɗan kuzari, dokin da ke jan ƙafa shi ke tangaɗi, kamar keke ne, in ka rage gudu sosai sai ya fara lilo. Tsayawa kuma a wannan matakin an yarda ka sauko ta tafiya taku kaɗan sannan ka tsaya, a tsaya cak na ƴan daƙiƙu, ka haɗa igiya a hannu ɗaya ka sauke ɗayan ka sunkuyar da kai. Da yawa suna gaisuwar doki bai gama tsayawa ba saboda zumuɗin su fita.

Tafiyar da ake sakin linzami ita ma ana raina ta, mutane suna ɗaukarta lokacin hutu ne, alhali a takardu da yawa makinta ninki biyu ne. Ana so doki ya miƙa wuya gaba da ƙasa yana bin hannu, takunsa ya ƙara tsawo har kofaton baya ya wuce sawun na gaba, yana tafiya kamar mai komawa barga da yamma. Dokin da aka wuni ana ja masa baki ko dai ya fizge igiyar da ƙarfi ko kuma ya ƙi miƙewa sam, don bai yarda da hannun ba. Kaga an sake dawowa kan hannu.

Amma fa in gaskiya za a faɗa, wajen da yafi bani tsoro ba cikin filin gasar bane, can kai kaɗai ne. Filin ɗumama jiki ne, inda dawaki takwas ko goma ke zagaye a lokaci ɗaya, wani na sukuwa, wani ya tsaya ana ɗaure masa majayi, wani sabon doki yana zabura. Akwai ƙa'ida, in kun yi gaba da gaba kafaɗar hagu ke wuce ta hagu, mai tafiya a hankali ya bar gefen fili ga masu sauri, kar ka tsaya a kan hanya, kuma dokin da aka ɗaura wa jan ƙyalle a jela yana harbi ne a ba shi tazara. Mahayin da idonsa kullum na kan wuyan dokinsa, wanda bai iya juyawa ko tsayawa cikin taku biyu uku ba in wani ya yanko gabansa, wannan bai shirya ba ko da ya haddace takarda kamar karatun allo, don yanzu ba shi kaɗai abun ya shafa ba. Kafin a biya kuɗin shiga ya kamata ace ya saba hawa cikin rukuni, kuma ya taɓa jin doki ya firgita a ƙarƙashinsa ya zauna ya shawo kansa ba tare da ihu ko sakin igiya ba.

Shi ma dokin akwai nasa shirin, kuma sau da yawa an fi mantawa da shi. Ya saba shiga motar ɗaukar dawaki? Ya taɓa barin bargarsu? Fararen allunan da ake zagaye fili da su, da tukwanen fure a gindin haruffa, da motar alƙali da gilashinta ke ƙyalli, duk abun tsoro ne ga dokin da bai taɓa gani ba. Na ga doki mai hankali a gida ya ƙi matsawa kusa da C kwata-kwata saboda goge-gilashin mota ya motsa. Shi yasa ake so a kai shi wajen tun kafin ranar, a yi hayar filin na awa ɗaya, ko a je gasar a zagaya da shi kawai ba tare da an shiga ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Lafiyarsa kuma ba wasa, in alƙali ya ga ɗingishi zai buga ƙararrawa ya fitar da kai, kuma a Ingila kowane doki yana da fasfo, ana duba allurar rigakafin murar dawaki a ciki. Babban kuskuren da nake gani shine a haɗa sabon mahayi da sabon doki wai su koya tare. Ɗaya daga cikinsu dole ya zama ya san hanya. Tsohon dokin makaranta mai shekara goma sha takwas wanda ya shiga fili sau ɗari ya fi wa ɗan koyo alheri fiye da duƙushi mai tsada.

Kaya ba sai masu tsada ba, musamman a gasannin barga da ba na hukuma ba, amma akwai dokoki. Linzami mai sauƙi, ba a saka igiyar da ke danne kai ƙasa, ba a shiga da bandeji ko takalmin kariya a ƙafar doki lokacin gwajin, maɗaurin hanci kar a matse shi, yatsu biyu su iya shiga. Hular kwano kuwa ba zancen ado bane. Courtney King-Dye ta wakilci Amurka a Olamfik na 2008, ƙwararriya ce ta gaske, a watan Maris na 2010 dokin da take horarwa ya yi tuntuɓe ya faɗi da ita babu hula a kanta, ta yi makonni bata farfaɗo ba kuma raunin ƙwaƙwalwar ya canza rayuwarta. Bayan wannan ne aka fara sauya doka, har FEI ta wajabta hular ga kowa daga 2021, aka ajiye doguwar hular nan ta gayu da aka san diresaj da ita. In tuntuɓe ya iya yi wa irinta haka, ɗan koyo bashi da hujja.

Haddar takarda ita ce abun da yafi tada wa mutane hankali, kuma ita ce mafi sauƙin magani. A gasannin yau da kullum an yarda wani ya tsaya a gefe yana karanto maka, sai a manyan gasannin cin kofi ake hanawa. Duk da haka gara ka haddace, don iska ko ƙarar mota na iya ɗauke muryar, kuma wanda ke jiran a faɗa masa kullum a makare yake shirya motsi. In an buga ƙararrawa kana da daƙiƙa 45 ka shiga, lokaci ne mai yawa, ba sai ka ruga ba. In ka ɓata hanya alƙali zai buga ya nuna maka inda zaka ci gaba, a dokar Amurka kuskuren farko maki 2 ne, na biyu 4, na uku an fitar da kai. A wasu gasannin, magana da doki ko yi masa tsaki da harshe ana cire maki, wannan yana kama mutanenmu sosai don mun saba. Faɗuwa fita ce, turjiyar da ta wuce daƙiƙa 20 ma haka. Ɓatan hanya sau ɗaya ba komai bane, abun dubawa shine me mahayin yayi bayan nan, ya ja numfashi ya ci gaba ko kuwa sauran gwajin duk ya rushe.

Makin kansa mutane basu fahimce shi ba. Kowace lamba da fassararta, 5 ya wadatar da ƙyar, 6 ya gamsar, 7 da ɗan kyau, 8 da kyau, 10 ba a cika ganinta ba, 0 kuma ba a yi motsin bane sam, ana bada rabi-rabi ma. A haɗa a mayar kashi cikin ɗari. Wanda ya saba da jarabawar makaranta in ya ga kashi 62 sai ransa ya ɓaci, alhali a diresaj wannan sakamako ne mai kyau ga mai farawa. Ka tuna Charlotte Dujardin da dokinta Valegro, a Landan a Disambar 2014, da suka kafa tarihin duniya kashi 94.3 suka samu, su ma basu kai ɗari ba. Masu koyarwa da yawa suna cewa in kana samun sittin da ɗoriya a kai a kai wajen alƙalai daban-daban, kuma ba ka da 4 a takarda, sai a fara tunanin mataki na gaba. Abun da yafi lambar daraja shine rubutun gefe, ni da na riƙe biro nasan irin kalmomin da ke maimaituwa, hannu bai tsaya ba, da'ira ta yi ƙanƙanta, ya rasa daidaiton taku, a shirya tun da wuri. Darasi ne aka rubuta maka daga idon da bai san ka ba kuma bashi da dalilin faranta maka.

Duk wannan da na faɗa kar a ɗauka ina cewa a jira sai an ƙware. Akwai ɗaya ɓangaren, mutanen da sun shekara uku huɗu suna hawa lafiya lau amma kullum sai su ce ba yanzu ba, tsoron idon mutane ya riƙe su, yawanci manya ne da suka fara hawa da girma. Su kam ina ce musu ku shiga, Intro don ku aka yi ta. Gasar barga ce da safiyar Lahadi, ƴan kallo bai wuce iyaye da masu riƙe doki ba, yanzu ma akwai wadda zaka ɗauki bidiyo daga C a filinku ka tura ta intanet alƙali ya duba ya maido maka takarda. Akwai abun da gida bazai taɓa koya maka ba, yadda numfashinka ke tsayawa in ka ji hon, yadda ƙafarka ke matse doki baka sani ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kuma ƙarfin jiki ba shine sharaɗi ba. Lis Hartel ƴar Denmark shan inna ya kama ta a 1944, ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa basu dawo ba, sai an ɗora ta kan doki an sauke ta, amma a Helsinki a 1952 ta ci azurfa a tsakiyar maza, ta sake ci a 1956. Abun da take da shi zama ne da hannu da sanin dokinta.

Akwai wani shirin kuma da ba a gwada shi a doguwar igiya, shine zuciya. Me zaka yi in doki ya kunyata ka a gaban mutane? Na ga wanda ya fito daga fili ya koma bayan motoci yana fizgar bakin doki don haushi, kuma wannan yafi min ciwo akan duk wani maki 4. Wasan nan gaba ɗaya yana cikin tuhuma a ƴan shekarun nan saboda irin wannan. Tun 2010 FEI ta haramta danne wuyan doki da ƙarfi har hanci ya kai ƙirji, kuma a Yulin 2024, kwanaki kaɗan kafin Olamfik na Paris, bidiyo ya fito na ita Dujardin ɗin tana ta zabga wa doki bulala a ƙafafu lokacin koyarwa, ta janye daga gasar, daga baya aka dakatar da ita shekara ɗaya. Abun ya girgiza mutane a nan sosai don yara da yawa ita suke kallo. In matsin neman sakamako zai iya kai wadda ta ci zinare a 2012 da 2016 ga haka, toh yaron da iyaye ke tsaye a bakin shinge suna jiran ya kawo kyauta fa? Mu iyaye muna da hannu a ciki, sau da yawa mu ne ke gaggawar, mun biya kuɗin darasi muna so mu ga hoto.

Game da ɗiyata, na je na samu malamarta muka yi magana, ta ce tafiyarta da juyawarta sun yi, takarda ma ta haddace tun tuni, amma in ta gaji hannun hagunta yana komawa baya yana ja, kuma bata taɓa hawa a wajen bargarsu ba. Muka tsara sati shida, darasi ɗaya a doguwar igiya kowane sati babu linzami, sannan a kai ta wata gasar da tsohon dokin makarantar ta zagaya filin ɗumama jiki kawai ta dawo. A mota ta yi shiru, can ta ce "Abba toh in na yi duka wannan zan shiga?" nace in malama ta ce hannun ya zauna, ni da kaina zan cike fom ɗin, kuma ni zan tsaya a E in karanto miki. Sati na uku muke ciki yanzu, jiya ta yi zagaye biyar ta hagu hannu a ƙugu bata kama geza ba, ta dama ce har yanzu take zamewa waje.